Koren Maɓalli a Wayar Mama

Laraba, ƙarfe goma na safe

Yaya ta ce in daina safa da marwa a barandar asibiti ina ɗaga wa mutane hankali, in nemi wuri in zauna. Na zauna. Na ciro waya, na mayar aljihu. Na sake cirowa, na sake mayarwa. Ƙarshe na sauka na sayi wannan littafin da biro a shagon bakin ƙofa, ni da rabona da riƙe biro har na manta.

Mama na ciki tun jiya. Maƙwabciyarta, Maman 'yan biyu, ce ta leƙa aron almakashi ta same ta kwance a ƙasa gefen keken ɗinki. Likita ya faɗi sunan abin, ni ba zan rubuta shi ba. Idonta biyu, tana bin mu da kallo, na tabbata tana gane mu. Hannun dama ne ba ya motsi, sai kuma magana. Mama da in ta fara labari a waya sai ka yi mata ƙaryar caji ya ƙare kafin ka tsira, yau ko "a'a" babu.

Likita ya tambaya ko tana shan maganinta na hawan jini. Yaya ta buɗe baki, na riga ta. Na ce kullum, ba fashi, ina da shaida. Na buɗe wayata na nuna masa jadawalin, layi bayan layi, duk kore. Ya ɗaga gira ya ce, "To, ke nan maganin ne bai riƙe ta ba. Sai mu duba wani." Allah ya yafe min, a cikin wannan halin ma sai da na ji daɗi da ya tambayi wanda ya haɗa manhajar.

Laraba, da yamma

Mama ta kalle ni ta motsa baki. Ba abin da ya fito.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko na daina maimaita wa kaina.

Gyaran waya nake yi, shagonmu ɗaya da abokina Dogo. Amma ba gyaran ne ciwona ba. Ciwona shi ne duk wayar da ta fito sai na riƙe ta, na buɗe bayanta, na ga me suka canza. Durowata cike take da wayoyin da ba mai saye, kowacce na san shekarar da ta fito da abin da ke damunta. A gida in za a yi min tsiya Injiniya ake ce min. Mama kaɗai ke ce min Auta. A bayan kanta na koya wa kaina rubuta manhaja, tsakanin mai fasasshen gilashi da wanda tasa ta faɗa ruwa.

Da aka ɗora Mama a kan magani, Yaya ce ke kiranta kowace safiya. Ba ta kashe waya sai ta ji an ɓalle ƙwayar, an zuba ruwa a kofi, an haɗiye. Haɗiyar ma sai ta ji! Kafin nan sun yi hirar ƙafa, hirar barci, hirar wadda ta kawo ɗinki ta ƙi zuwa karɓa. Ni dariya abin yake ba ni. Na ce Yaya, ana wani zamani kina wani. Ga shirin yara makaranta, ga aikinki, ga waya maƙale a kafaɗa. Ki bar min wannan.

Sai na haɗa manhajar. Ƙarfe bakwai na safe wayar Mama za ta yi magana da muryata: "Mama, ina kwana? Lokacin magani ya yi." Maɓalli biyu ne manya-manya, kore in ta sha, ja in ba ta sha ba. Duk wanda ta danna sai ya fito a wayata. Na karɓe 'yar wayarta da ta ɗaure da roba na ba ta babba mai shafawa. Ta juya ta, ta ce, "Auta, wannan ai faranti ka kawo min." Amma ta koya, kuma ta koya da wuri, har na shigar da manhajar gasar masu haɗa manhajojin lafiya.

Kiran Yaya ya koma na ƙarshen mako. Ni kuwa in na farka na ga kore, a ganina na gaida Mama ke nan.

Asabar, da hantsi

Yaya ta aike ni gidan Mama in ɗebo zannuwa da tawul. Ɗakin na nan yadda aka bar shi. Rigar wata yarinya na ƙarƙashin allurar keke, hannu ɗaya an ɗinke, ɗaya ba a ɗinke ba. Kofinta na kan taga, ruwan ciki ya yi ƙura.

Tabaranta nake nema, na ce ko za ta so ta ga fuskoki sosai. Na duba ƙarƙashin matashi, na duba kan rediyo, na buɗe gwangwanin da take zuba zare da allurai. A ƙarƙashin zaren na gan su. Katunan magani ne a jere, an ɗaure da tsumma tsaf. Ni nake sayo mata duk wata, in ajiye a kan tebur in ce ina sauri. Na farko an sha rabi. Sauran ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba.

Na daɗe zaune a bakin gadonta. Ban samu tabaran ba.

Asabar, da yamma

Katunan na cikin jakata. Yaya ta tambayi me ya same ni, na ce rana ce.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ban je asibiti ba tukuna. Na buɗe kwamfuta tun da na tashi ina bin abin da na rubuta layi-layi. Wallahi addu'a nake in samu kuskure. In ce wayar ce ke tura kore da kanta, ko na juya ja da kore, ko wani abu ya kwance lokacin da na sabunta ta. Da kuskure ne, ai na san yadda ake gyara shi.

Babu. Manhajar lafiyarta lau, ban taɓa rubuta abu mai tsabta irinta ba. Kowace safiya muryata ta fito, kowace safiya yatsan Mama ya sauka a kan kore, ko minti ɗaya ba ta ɓatawa. Da hannunta ta danna, hannun da yanzu nas ke ɗagawa ya faɗo.

Me ya sa, Mama? Ga ja nan kusa da shi, girmansu ɗaya. Da gangan na yi su girma ɗaya.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na ji nas na cewa yau za a fara sabon maganin, mai ƙarfi, tunda na da bai yi aiki ba. Na bi likita ofishinsa na zube katunan a kan tebur. Ya kwance tsumman ya dube su, bai yi min faɗa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Gara da ka kawo yanzu." Ya ɗauki waya ya ce a dakata da abin da ya rubuta.

Ban san Yaya na bayana ba. Sai da muka fito baranda ta ce, "Tun yaushe suke hannunka?"

Na ce tun Asabar.

"Tun Asabar. Kana kallona ina zagin magani, ina cewa jabu aka sayar mana." Ba ta ɗaga murya ba, Yaya ba ta ɗaga murya in ranta ya ɓaci da gaske. "Shaida ka ce kana da ita, Injiniya. Yaushe rabon da ka ji muryarta da safe? Tata nake nufi, ba taka ba."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ba ya jin magana. Na ce ai ke ma kin daina kira, ba wanda ya ƙwace miki waya. Ta tsaya tana kallona har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce, "Haka ne." Ta koma ciki ta ja labule.

Talata, da safe

Yaya ta miƙo min kofin shayi ba ta kalle ni ba. Na sha, ban san ko akwai sukari ba.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Na leƙa shago don kar Dogo ya ce na mutu. Yana ganina ya ciro kwali daga ƙarƙashin kanta ya ce, "Ga mutuniyarka ta iso, mai naɗewa. Ban buɗe ba, na ce sai angon ya zo." Wata nawa ina damunsa da zancen wayar nan. Na karɓa na riƙe, na ji nauyinta, na miƙa masa. Ya ce, "Kai, jikin Mama ne?" Na ce da sauƙi. Ya mayar da kwalin ƙarƙashin kanta, Allah ya saka masa.

Can wani mutum ya shigo da sabuwar waya, wai ta mahaifiyarsa ce, a saita mata yadda ba sai ta riƙa kiransa tana tambayarsa abu kaza da kaza ba. Na ce Alhaji, in ta daina kiranka wa za ta kira? Ya ce ina ruwanka, gyara na kawo ko wa'azi? Gaskiyarsa. Dogo ya karɓi wayar ya ce in je in sha iska.

Na fita na tsaya a gaban mai sayar da caja. Mutane na ta wucewa, kowa kansa a ƙasa yana shafa gilashi. Ni na sayar wa rabinsu.

Juma'a, bayan la'asar

Maman 'yan biyu ta zo dubiya. Ta zauna kusa da Mama tana ba ta labarin unguwa ita kaɗai, tana tambaya tana ba kanta amsa. Da za ta tafi na raka ta bakin titi. Na tambaye ta ko ta san Mama ta daina shan magani. Ta tsaya ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, ashe ba ta gaya maka ba har yau?"

Ta ce maganin jiri yake sa ta. In ta sha da safe sai ɗakin ya riƙa juya mata, ta kasa zura zare a allura. Akwai ranar da ta faɗi a banɗaki ta ƙuje gwiwa. Na tuna gwiwar. Na gan ta da bandeji na tambaya, ta ce ƙafar keke ce, na ce Allah ya kiyaye, na ci gaba da duba ko wayarta na da isasshiyar data.

"Na ce mata ki gaya wa yaranki a canza miki. Ta ce to, bari Auta ya gama jarrabawarsa tukuna."

Na ce wace jarrabawa?

"Ta wayar nan mana. Ta ce kai ka gaya mata akwai manya da ke dubawa, in suka ga kore kullum za su karɓi aikinka. Ta ce ita ba za ta zama sanadin jan biro a takardar ɗanta ba."

Lallai na faɗi haka. Na tuna ranar, na tuna inda nake tsaye, a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce, "Mama, ke ce shaidata fa. In suka ga kore kullum, shi ke nan mun ci gasa." Wasa nake yi. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Auta."

Maɓalli biyu na ba ta. Babu inda za ta danna ta ce yana sa ni jiri. Da Yaya ce a kan waya, kafin a zuba ruwa a kofi ta ji wannan.

Asabar, da safe

Ban yi barcin kirki ba. Kore, kore, kore.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Saƙon masu gasa ya shigo ina tsaka da yanke wa Mama farce. Sun zaɓi manhajata cikin waɗanda za su tallafa wa. Sun ce abin da ya fi burge su shi ne gwajin da na yi da dattijuwa, wadda ba ta tsallake magani ko sau ɗaya ba. Suna so in zo in yi bayani a gaban mutane.

Na karanta na kife wayar a kan gado. Da wata biyu baya ne, da duk layin shagonmu sun sha lemo. Mama na kallon wayar, tana kallona. Na ce mata talla ce. Na kama ɗan yatsanta na gaba.

Ban ba su amsa ba. Ban gaya wa Dogo ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

Akwai wata ma'aikaciya da ke zuwa koya wa Mama magana. Tana sa ta hura iska, ta taɓa leɓe, ta ce "ma", ta ce "ba". Mama na yi mata kallon ke kuma wa ya aiko ki. Jiya ta fitar da wani sauti, Yaya ta rantse "ruwa" ta ce, ni ban ji haka ba amma na ce na ji. Matar ta ce wasu magana na dawo musu, wasu rabi, wasu kuma, ba ta ƙarasa ba sai ta tattara takardunta.

An canza maganin zuwa wanda ba ya sa jiri. Likita ya ce abu ne mai sauƙi, da an faɗa tun farko da a rana ɗaya an canza. Ina ma bai faɗi wannan ba.

Na zauna ina kallon yadda Yaya ke ba ta. Ba ta fara da magani. Sai ta tambayi barci, ta taɓa ƙafa, ta gyara ɗankwali, ta yi mata gulmar nas mai jan baki. Sannan ƙwaya, sannan ruwa, sannan ta sa ido a maƙogwaro har ya motsa. Daga baya na gaya wa Yaya abin da Maman 'yan biyu ta ce, duka, har da maganar da na yi a bakin ƙofa. Na zaci za ta wanke ni tas. Sai ta ce, "Ranar da ka ce in bar maka, ka san me na ji? Daɗi na ji. Na ce alhamdulillahi na huta." Ta share ido da bakin mayafi ta ce in tashi in wanko kofin.

Alhamis, da rana

Sun sake turo saƙo, wai suna jiran amsata. Na fara rubuta musu cewa jadawalin nan ba gaskiya ba ne. Na goge. Na sake rubutawa. Yana nan ban tura ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

An sallame mu. Na kwaso kayana na dawo ɗakin da na tashi a ciki, katifar ma ita ce. Yaya za ta riƙa zuwa da yamma, safiya tawa ce. Ta rubuta min yadda ake ba da maganin ta manna a bango, kamar ban iya karatu ba.

Na lulluɓe keken ɗinki da zani don kar Mama ta riƙa ganinsa. Ta yi ta nuna shi da hannun hagu tana ɓata rai har sai da na yaye. Uwar yarinyar mai riga ta zo, ta ce a bar rigar, ba sauri take ba.

Yaya ta ciro babbar wayar Mama daga jaka, a mace tun ranar da aka kai ta asibiti. Ta sa ta a caji, ta ce akwai lambobin dangi da take son ɗauka.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Na manta ban cire manhajar ba. Ni da na haɗa ta, na manta.

Na tashi da wuri na dafa ruwa, na taimaka wa Mama ta zauna, na sa mata matashi a baya. Ina tsugune a gabanta da ƙwaya a tafin hannu da kofi a ɗaya hannun, ina ƙoƙarin yi mata hirar barci irin ta Yaya, abin ba ya fita. Sai kawai na ji kaina daga kan tebur, da fara'a, kamar ba abin da ya taɓa faruwa a duniya: "Mama, ina kwana? Lokacin magani ya yi."

Ta juya. Ga ni a gabanta, amma wayar ta juya wa. Ta miƙa hannun hagu tana lalube, tana jan jiki har ta kusa zamowa daga gado. Na ajiye kofi na riƙe ta na ce Mama bari, bari, ga ni nan. Ba ta bari ba sai da na miƙo mata. Yatsan ya zame, ta sake. Ta danna kore. Sannan ta sauke numfashi ta jingina.

Ta kalle ni. Bakin ya motsa kamar kullum, na matso don kar ta wahala a banza. Sai na ji. A karkace ya fito, a hankali, amma ba sai an rantse min ba.

"Auta. Sun... karɓa?"

Makonni muna roƙon Allah kalma ɗaya. Ga ta ta zo.

Na ce, "Sun karɓa, Mama."

Ta yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. Na kasa kallonta, na kasa kallon wani wuri. Na ce to yanzu saura na gaske. Na sa mata ƙwayar a baki, na kai mata kofi, na tsaya ina kallon maƙogwaronta har ya motsa. Na tambaye ta ko ɗakin na juyawa. Ta girgiza kai. Na ce in ya juya ki gaya min, ni, ba faranti ba.

Lahadi, da azahar

Na tura wa masu gasa saƙon nan da na rubuta. Na kira Yaya na ce Mama ta yi magana, ta yi ihu har yara suka taru. Ta ce me ta ce? Na ce sunana ta kira.